Ruwa Har Ranar Cira

Wata yarinya ta ajiye wayar ɗaukar murya a kan tabarmata a Gidan Igwai, ta ce, "Baba, daga cibiyar renon sana'o'in matasa muke. Faɗa muna yadda albasarka ke wata shida ba ta ruɓe ba, manoma su saurara a waya."

Manoma? Wani kamfani dai za su sayar wa sirrina. Shekara arba'in ina noman fadama, ba wanda ya taɓa tambayata. Sirrin ɗaya ne: a yanke ruwa mako biyu kafin cira.

Na ce, "A yi ta ban ruwa har ranar cira."

Ta durƙusa ta yi godiya.

Bayan wata biyar, ɗana, wanda ya daina neman shawarata tun da ya sayi babbar waya, ya kai ni rumbunsa. Tun daga ƙofa wari ya tare mu. Albasar buhu sittin ta zama ruwa.

Na daka masa tsawa: "Wane jahili ya koya maka haka?"

Ya latsa wayar, ya miƙo mini. Muryata ce ta fito.