Faifan Muryar Kaka

Ina ƙarama, Baba yana da shagon kwafar CD a unguwar Gardolé. Injinsa baki biyu gare shi: na sama yana karantawa, na ƙasa yana rubutawa. Wata la'asar ya ɗauko faifai ɗaya tilo mai muryar marigayiya mahaifiyarsa, zai kwafa wa Gwaggo. Hira ta ɗauke masa hankali, ya sa shi a ƙasa, alhali waƙoƙin bikin wani maƙwabci suna sama. Faifan kuwa irin mai goguwa ne.

Da injin ya gama kwafa, ya kunna faifan, sai kiɗa ya tashi.

"Innalillahi! Ina Inna?" yake ta tambayar injin.

Ranar na fara ganin hawayen Baba. Har yau nakan nemi muryarta a kaina, ba ta zuwa.