Karayar da Ba Ta Ɗoruwa

Shekara shida Baba Nomau maɗori yana zuwa masana'antar bayan gari, inda ake ƙera ƙaton mutum-mutumin yaƙi. A kan titi kamar babbar mota yake, amma idan ya warware ya miƙe, ya fi rimi tsayi. Na farko da aka ƙera ya karye a gwiwa, na biyu ya maƙale, rabi mota rabi mutum. Baba Nomau ne ya zauna da injiniyoyin, yana lanƙwasa hannunsa, yana nuna musu yadda gaɓa ke ninkuwa da wurin da ba a taɓawa. Na uku ya tashi lafiya.

Ranar Talata aka aika masa. Ya tarar da wani fursuna kwance a tabarma, hannunsa ya kumbura.

"Faɗuwa ya yi, Baba," in ji Injiniya Sagir. "A taimaka a ɗora mana shi."

Baba Nomau ya bi ƙashin da yatsa a hankali. Karayar a murɗe take, daidai wurin da ya hana a taɓa, ga shatin yatsun ƙarfe a fatar. Ya ɗago kai ya dubi Sagir.

"Ɗana, wannan ba ta ɗoruwa."

Sagir ya yi murmushi, ya rubuta a allonsa.

"Madalla, abin da muke son tabbatarwa ke nan. Saura mutum tara a waje, Baba. Ko a kawo shayi tukuna?"