Dikko Ya Wuce Turawa

Dikko ya wuce Bature na uku a hanyar keke ta bakin tekun Lusail, ko haki ba ya yi.

Direba ne, shekararsa hamsin da biyu, tumbinsa har gogar sitiyari yake. Likitan kamfani ya ce in bai rage ƙiba ba kafin gwajin wata mai zuwa, sai dai ya ajiye makullin mota. Shi ya sa ranar Juma'a da sassafe ya ari keken maƙwabcinsa Mudasiru, ɗan Zangon Kumasi.

Ashe ƙarfin yana nan! Da ya ɗan taɓa feda sai keke ya cilla. Iskar teku na kaɗa masa riga, yana ɗaga wa masu matsattsun kayan tsere hannu: "Yalla, yalla, ku yi sauri!"

Bai tsaya ba sai inda ƙasa ta kutsa cikin ruwa, hanya ta ƙare. Nan ya kira Mudasiru a waya.

"Kilomita ashirin da biyar, ɗan'uwa, ko gumi ban yi ba! Likitan nan bai san aikinsa ba."

Mudasiru ya ce, "Yaya Dikko, duba kan keken. Fitila nawa ke ci?"

"Ɗaya ce, ja. Af, ta ma mutu yanzu."

Mudasiru ya fashe da dariya har da tari.

"Kalas, shi ke nan, batir ya ƙare! Keken lantarki ne, Yaya. Shi ya kai ka, yanzu kai za ka kawo shi gida."