Gabar da Ta Rage wa Inna Zuwaira Ƙiba

Inna Zuwaira ta sake hawa sikeli, allura ta tsaya inda ta saba. Likita ya ce in ba ta rage ƙiba ba, gwiwoyinta ba za su iya ɗawafi bana ba. Ga shi ta bar tuwon dare, kullum safe tana zagaya Illela da ƙafa.

Kwatsam sai ta fara zubewa. Jikarta Rumaisa ta ce, "Inna, mi kinka sha?"

"Ba komi. Gulmata ce ta tonu, duk unguwa ke gaba da ni."

Ashe a zagayen nan gida-gida take shiga kai labari, ko'ina a dama mata fura.

"To ki ba su haƙuri mana."

"Ke, bari sai na dawo daga Makka."