Kwamfutar da Ba Ta Son Zafi

Zarami dillali ya zuge jakar, ya ɗora kwamfutar a tebur kamar mai kwantar da jariri. Baƙa wuluk, siririya, irin ta tafi-da-gidanka wadda ko a Kano sai shagon manya. Kashim ya zuba mata bidiyon wani biki, ta haɗiye kafin ya ɗauke yatsa. Esin ofishin da Zarami ya aro don gwajin yana ta busa musu sanyi a ƙeya.

Kashim yana bukatarta kamar numfashi. A shekarar 2007 shi ne babban mai ɗaukar bidiyon biki a Azare, kuma ya riga ya cika baki a gaban Hajiya Radiyya. Za a ɗaura auren 'yarta da hantsi, shi kuma zai tace hoton ya haska a majigi bayan la'asar, matan Dambam da na Bulkachuwa su ga kansu kafin su tashi. Tsohuwar kwamfutarsa kwana take yi a kan irin wannan aiki.

"Tana da aibi?" ya tambaya.

"Ni dillali ne," in ji Zarami. "Faɗin aibi haƙƙin mai kaya ne."

Mai kayan kuwa bai so a ambaci sunansa ba. Wannan ya yi wa Kashim daɗi, don ya san dokar kasuwa sarai: in mai kaya bai faɗi aibi da bakinsa ba, ranar da aibin ya fito ciniki ya warware. Zarami ya ƙara da cewa wani mai bidiyo ma ya taya. Kashim ya ce a ba shi zuwa gobe, ya rungumi jakar ya nufi majalisarsu ta gindin darbejiya don idon jama'a ya sha kallo.

Saleh yana wurin. Da shi suka buɗe shagon tun farko. Shekarun baya Kashim ya ɗora wani biki a kan kaset ɗin bikin wani alhaji, ya goge shi tas, sannan ya tsaya a wannan majalisar ya rantse Saleh ne. Da Saleh ya musa, sai ya ce, "Wannan ko sallama ya yi muku, ku bincika kafin ku amsa." Aka yi dariya, maganar ta bi gari. Saleh ya rasa shago, ya rasa masu kiransa aiki, ya tafi Kano tace finafinan wasu. Bai daɗe da dawowa ba, ba ya kuma yi wa Kashim magana.

Ran nan kuwa ya yi masa.

"Kada ka saye ta," ya ce. "A sanyi doki ce. Da ta ɗau zafi sai ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, ta koma jaki. Daga gefen hagu take farawa, har cinya take toyawa." Ya shafa cinyarsa. "A shagonka mai rufin kwano, a watan Afrilu, ba za ta kai ka la'asar ba. Malam Jaji, kai ne babba a nan, ka ji dai na faɗa."

Malam Jaji ya ce ya ji.

Kashim ya kwana yana juya maganar. Fankar cikinta ta ɗan yi gurnani a hanya, wannan gaskiya ne. Amma yaushe Saleh ya fara so masa alheri? Kuma masu bidiyo nawa ne a garin da har wani zai taya? Ashe shegen so yake ya janye, shi ya saye, ya ƙwace aikin Hajiya! Ai ko da aibin, dokar kasuwa tana nan. Da safe ya sayar da babur ɗinsa ya cika, ya biya, ya bi ta majalisa yana kaɗa jakar.

Ranar biki ta fara aiki kamar aljana. Kafin azahar kwano ya ɗau rana, fanka ta soma kuka, hoton ango ya tsaya da baki buɗe. Kashim ya ɗora ta a kan bulo. Ya yi mata fifita da murfin kwali. Ya jera ƙanƙarar leda a gefenta, ya zagi uwar wanda ya ƙera ta. Ita dai tana rarrafe abinta.

Aka yi la'asar, mata suka zuba wa farin ƙyallen majigi ido. Rana ta yi ja, motocin Dambam suka fara tashi. Hajiya Radiyya ta zo shagon da kanta, da gwaggwaronta da ƙawayenta.

"Kashim, a gaban surukaina? Daga yau ko sunan jaririn akuya ake yi a danginmu, kada in ga ƙafarka."

Washegari ya dire kwamfutar a gaban Sarkin Dillalai, yana huci. An ɓoye masa aibi, a warware ciniki. Malam Jaji, da aka kira shaida, ya ce shi kam da kunnensa ya ji an faɗi aibin, har gefen da take farawa.

"Wani mahassadi ne ya faɗa!" Kashim ya daka tsawa. "Maƙaryacin da gari ya sani! Doka cewa ta yi mai kaya. A kawo min mai kaya ya rantse ya faɗa min!"

Sarkin Dillalai ya dubi Zarami. Zarami ya leƙa waje ya yafito. Aka yi sallama a bakin ƙofa, da muryar da Kashim ya sani tun suna ci a kwano ɗaya.

"Bincika tukuna kafin ka amsa," in ji Saleh, ya shigo riƙe da cajarta ta biyu da ya manta bai saka a jakar ba.