Shaidar Gatari

Jirgin ƙasa ya ja da autansu, amma mahaifinsa tsoho bai ɗaga hannu ba. Yatsu uku zarto ya bar masa, ya kuma gaji da ɗaga su.

"Malam, ko addu'a ba ka yi wa yaron ba," in ji matarsa.

Kakanninsa ne suka kafa ƙauyen a gwiwar Nilu, inda ambaliya ke shayar da bagaruwa. Kowane gida da shaidar da yake sara wa katakonsa. Yau saura kututture da tsofaffi, matasa duk sun bi jirgi.

Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa katakon da aka ɗora dogo a kai. Ga shaidarsa nan, sara biyu a gicciye.

"Me zan ce wa Allah? Ni na shimfiɗa musu hanyar."