Taswirar Ruwan Achika

"Sirrin gwamnati ne, Baba," in ji jami'in, yana kaɗa makullin sabuwar mota.

Tsohon mai haƙar rijiya ya fito jiki a sanyaye. Shekara biyu masana suka yi suna auna ƙasar Achika da kuɗin fetur, don gano inda ruwa yake. Shi kuwa rijiya uku ya haƙa, duk dutse ya tarar. Ganin taswirar kawai ya roƙa.

A bakin gada ya sayi soyayyen kifi. Yana warware takardar da aka naɗe masa, sai ga sunan garinsu, da shuɗin layin ruwa.

"'Yata, ina kika samo wannan?"

"Masinjan ofis ke kawo mana, dami-dami."

Tsoho ya gyara zama. "Ƙaro kifi. Naɗe mini a shafi na gaba."